A Bakin Salansa

Shekarar da sojoji suka koma bariki, babura suka cika Kano kamar an kwance bakin buhun fara. Kowane sabon kansila da ciyaman so yake a ce ya yi wa matasa abin a-zo-a-gani. Sai a kafa rumfa, a kira maroƙa, a jera babura sababbi fil da ledarsu a raba, kowa ya ja nasa ya shiga acaɓa. Romon dimokuraɗiyya ke nan, in ji masu magana a rediyo. Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne shuɗin hayaƙin da ya zo ya tare a titin Zariya, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku, yana kwanciya a mayafin mata, yana sauka a farantin mai ƙosai, yana bin mutum har maƙogwaro.

A cikin wannan hayaƙin Nusaiba ta yi soyayyarta. Da za a tambaye ta a lokacin, da ta ce ba ta san ƙamshin da ya fi shi ba, don shi ne ke tashi daga rigar Mukhtar.

Ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta koyon aikin jinya a babban asibitin koyarwa, gidansu na Daurawa. Shi kuwa Mukhtar bakaniken babur ne, rumfarsa na Tarauni, bayan kasuwa. An riga an sa musu rana, bayan babbar salla. Kullum ƙarfe huɗu za ta fito ta same shi a bakin ƙofar asibiti ya jingina da babur ɗinsa, ya wanke hannu da fetur har sau biyu don kada ya ɓata mata fararen kaya.

Duk Tarauni ba mai kiransa da sunansa, Mai Hanci ake ce masa. Wani bakaniken sai ya kwance rabin inji kafin ya gano ciwo. Mukhtar kuwa tsugunawa yake yi a bayan babur, ya ce wa mai shi, "Murɗa," ya kai fuskarsa bakin salansa, ya lumshe ido ya shaƙi hayaƙin kamar mai zaɓen turare a kasuwa. Sai ka ji ya ce, "Baƙin mai ya yi yawa," ko kuma, "Kafireto ne, yana shan iska." Ya taɓa da sukundireba, ya sake shaƙa, shi ke nan an gama. Tun da babura suka yawaita yakan yi haka sau talatin, sau arba'in a yini. Har daga Hotoro ake turo masa.

Shi ya sa ba ta taɓa fitowa hannu rabbana ba. Kowa ya sani, daga maƙera har masu fenti, madara ce maganin hayaƙi, ita ke wanke ƙirji. Haka ta taso ta ji ana faɗa. Don haka kullum akwai gwangwanin madara guda a jakarta. Ta miƙa masa, ya huda shi huji biyu da sukundireba, ya ɗaga kai ya shanye, ya goge baki ya ce, "Alhamdu lillahi, Sista ta yi wanki." Sauran 'yan mata hankici da turare suke ba samarinsu. Ita gani take rai take ba nata, gwangwani ɗaya kowace rana.

Wata Talata aka tura su ɗakin maza masu ciwon ƙirji. A gado na shida akwai wani dattijo, Baba Luka, mutumin Kagoro, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana ba da hannu a shataletale, yana tsayar da wannan yana sakin wancan. Ciwo ya ci shi har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma aikin bai bar jikinsa ba. In keken magani ya taho da gudu, sai ka ga ya ɗaga tafin hannu daga kwance, mai turawa ya tsaya cak yana dariya. Matarsa Mama Talatu na zaune a gefe a kan tabarma, da filas a rungume.

Dakta Hauwa, babbar likitar ɗakin, ta ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin taga, ɗalibai suka matso.

"Ciwon daji ne a huhu," ta ce. "Bai taɓa shan taba ba. Ba zan rantse muku in ce ga abin da ya jawo shi ba, babu likitan da zai rantse. Amma ku tuna inda ya tsaya duk shekarun nan. Hayaƙin fetur da na gas da ƙonannen baƙin mai, akwai abubuwa a cikinsu da aka san suna haddasa daji, wasu a huhu, wasu a jini. Kuma ba ranar da ka shaƙa suke nuna kansu ba. A hankali ɓarnar take taruwa, kamar kunkunniya a rufin madafi."

Mama Talatu ta miƙe, ta ɗan rusuna.

"Likita, ki yi haƙuri in tambaya. To madarar fa? Allah shaida, tun ranar da ya sa kakin nan, kullum ya dawo sai na ba shi. Ko ba mu ci nama ba, madara ba ta taɓa yankewa a gidana ba." Ta ƙara rungume filas ɗin. "Ko dai kaɗan nake ba shi?"

Dakta Hauwa ta sauke hoton, ta dafa kafaɗarta.

"Mama, ba laifinki ba ne. Ko tulu guda kike ba shi, duk ɗaya ne. Madara abinci ce mai kyau, amma ita ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba sa ma haɗuwa su gaisa."

Nusaiba ta ji jakar da ke kafaɗarta ta yi nauyi kamar an jefa dutsen niƙa a ciki. Wayyo ita! Da hannunta ta zana hanyar iska da hanyar abinci a takardar jarrabawa, ta ci maki. Amma abin da ta sani a aji bai taɓa zama wuri ɗaya da abin da ta gada a gida ba, sai yau, a gaban wannan tsohuwa mai filas. Baba Luka a tsakiyar titi ya tsaya, iska na raba masa hayaƙin da sauran jama'a. Mukhtar fa, da yake kai hancinsa inda hayaƙin ke fitowa?

Ba ta san yadda ta ƙarasa aikin ranar ba. Sau biyu tana auna zafin jikin mutum ɗaya. Ƙarfe huɗu na cika ta fito kusan da gudu.

Yana nan a inda ya saba. Ya miƙo hannu yana murmushi, sukundireba a ɗaya hannun. Ta ƙanƙame jakarta.

"Sista, yau an manta da marar lafiyar ne?"

"Ba a manta ba. Yaya Mukhtar, madarar nan ba ta yin komai."

Ta kwashe duk abin da ta gani ta faɗa masa, tana haɗa magana kan magana, hoton ƙirji, shataletale, filas ɗin Mama Talatu. Ya saurara kansa a karkace, sannan ya kwashe da dariya.

"To in ba ta yi, ai ba ta kashewa. Kawo, maƙogwarona ya bushe."

"Ba zan ba ka ba."

"Iye?"

"In na ba ka, gobe za ka koma ka tsuguna da ƙarfin gwiwarka, kana cewa ai Nusaiba za ta wanke. Ashe ni ce nake mayar da kai bakin salansar nan kullum ban sani ba. Ka daina shaƙa, Yaya Mukhtar. Ka yi aikinka yadda sauran suke yi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Yadda sauran suke yi? Nusaiba, bakanike nawa ne daga nan zuwa Unguwa Uku? Da me na fi su? Hancin nan shi ya kai ni gaban Babanku aka saurare ni. Shi ya kama mana ɗaki da falo. Yanzu da aiki ya buɗe za ki ce in rufe shi?"

"To zo ka ga Baba Luka, minti biyar kawai."

"Kowa da ajalinsa."

"Allah ya ce tashi in taimake ka."

Ya juya sukundireban a hannunsa. Da ya ɗago, idanunsa sun canja.

"Ko dai warin ne ya fara damunki? Faɗa min gaskiya. Mutum in ya saba da masu farar riga da ƙamshin turare, ai dole bakanike ya fara hawa masa kai."

Maganar ta soke ta. Ya buga babur, ta hau. Ƙugin inji da hon na motoci ne suka raka su har Daurawa. Ya sauke ta a ƙofar gida, ya juya bai jira sallama ba.

Washegari bai zo ba. Ta tsaya a bakin ƙofar asibiti har la'asar sakaliya, tana miƙa wuya duk babur ɗin da ya karyo kwana. Ranar Alhamis ma haka.

Kwanakin nan Nusaiba ta rasa inda za ta sa kanta. In ta zauna sai ta miƙe, in ta miƙe sai ta rasa abin da ta tashi ɗauka. Ta shiga ɗakin karatu ta janyo manyan littattafai, ta karanta a kan sinadarin benzin da ke cikin fetur da abin da yake yi wa ɓargo, ta tuna hannayen da ake wankewa sau biyu dominta, ta rufe littafin da ƙarfi har aka waiwayo. Hayaƙin da ta yi shekaru tana wucewa ta cikinsa ba ta gani, yanzu shi kaɗai take gani: bolar da ake ƙonawa a bakin titin Kotu, tayar da masu babbaka ke cinna wa wuta su gasa ƙafar saniya, bas ɗin da ke tashi ya bar baƙin girgije a kan mata masu goyo. Duk wanda ya yi tari a titi sai gabanta ya faɗi.

"Ke wai ƙaya ce a kujerar nan?" in ji Ummanta. "Ko kun ɓata da yaron nan ne?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai shi ke kashe mutum."

Ranar Juma'a da yamma ta tare ɗan acaɓa, ashe Mu'azu ne, abokin Mukhtar. Tun kafin su bar Gyaɗi-Gyaɗi ya fara magana ta kan kafaɗarsa.

"Amaryarmu, me ya yi zafi? Gareji ya ɗauka fa. An ce budurwa in ta yanke abin da ta saba bayarwa, ta yi magana ke nan ba da baki ba. Wai wani likita ne ya kasa Mai Hanci."

"Ƙarya ne, Mu'azu! Wallahi ƙarya ne."

"Ni dai na faɗa miki. Yanzu gwangwani biyu yake saya da kansa, ya tsaya a tsakiyar rumfa ya sha kowa na kallo. Kuma aiki yake kamar zai kashe kansa, ko abincin rana ba ya tashi ci."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, Mu'azu ya zaci hayaƙi take karewa. Ashe ita da ta so ta janye shi, ƙara tura shi ta yi. Ta rasa shi, kuma ba ta cece shi ba.

Ranar Litinin ta tarar an matso da gadon Baba Luka kusa da teburin nas-nas, an jingina masa tukunyar iska. Mama Talatu na nan da filas ɗinta, don ba ta san abin da za ta kawo ba in ba shi ba. Nusaiba na gyara masa matashi ya zame abin numfashin daga bakinsa.

"'Yata, kwana biyu fuskarki ba ta yi min ba."

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma ta faɗa, a taƙaice, tana kallon ƙasa. Dattijon ya ja numfashi da ƙyar, ya huta, ya sake ja.

"Kin yi masa magana?"

"Na yi, Baba. Bai ji ba."

"Ba zai ji ba. Shekara ashirin da biyu ina tsayar da mota." Ya tsaya tari ya lafa. "Ba a tsayar da mota da ihu daga gefe. Gabanta ake shiga."

Ƙarfe biyu ta nemi izini. Ko kaya ba ta tsaya canjawa ba.

Garejin ya cika maƙil. Babura a jere har bakin titi, wasu da hoton jam'iyya a manne a tanki, masu su na zaune a kan benci suna gardamar siyasa. Ƙasar wurin baƙa ƙirin, ta sha mai ta ƙoshi. A can gefe an cusa wata salansa cikin wuta ana ƙona dattin cikinta, hayaƙi na murɗawa sama. Malam Bello mai faci, dattijon da ke maƙwabtaka da rumfar, shi ya fara hango ta, ya saki baki. Mukhtar kuwa ya ba ta baya, yana tsugune a bayan babur ɗin Mu'azu, inji na aiki.

Nusaiba ba ta tsaya ba. Ta ratsa ta tsakiyar maza, gardama ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta tattare farar rigarta, ta durƙusa a baƙar ƙasar nan gefensa, ta kai fuskarta daidai bakin salansa.

"Mu'azu," ta ce, "murɗa."

Hannun Mu'azu ya saba da kalmar, ya murɗa kafin kansa ya yi tunani. Hayaƙi mai zafi ya daki fuskarta. Ta shaƙa da gangan. Ƙirjinta ya ɗau wuta, tari ya sarƙe ta, hawaye suka ɓalle. Mukhtar ya daka tsalle ya fizge makulli, inji ya mutu.

"Kin haukace ne? Nusaiba, kin haukace ne?"

Sai da tarin ya sake ta, ta ɗago jajayen idanu.

"Me ya sa ka kashe? Ai ba ya komai. In ma ya yi, sai ka saya min madara."

"Ke ba ki saba ba!"

"Zan saba. Kai ma ba da shi aka haife ka ba." Ta goge hawaye da bayan hannu, ta bar baƙin layi a kumatunta. "Ga wadda aka ce likita ya ƙwace maka, ku duba da kyau, a nan take durƙushe. Daga yau kullum na tashi nan zan zo. Duk babur ɗin da ka shaƙa, rabi naka rabi nawa. In aure ne, ai komai tare ake ci."

Wani a kan benci ya ce, "La ilaha illallahu." Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye.

"Mai Hanci," in ji Malam Bello, "yau ka gamu da gamonka. Wannan ba a gyara ta da sukundireba."

Mukhtar bai ji shi ba. Ita yake kallo: gwiwoyinta cikin mai, farar rigar da take yi wa guga sau biyu ta lalace, numfashinta na fita da ƙara.

"Tashi, don Allah. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ka ce min ka daina."

"Nusaiba, tashi."

"Mu'azu, karɓi makullinka ka tayar."

Mu'azu ya ɗaga hannaye sama. "Ni ba ruwana, wallahi. Ku kashe ku binne."

Can Mukhtar ya sauke ajiyar zuciya mai nauyi, irin ta wanda aka ɗora wa buhu.

"Na ji," ya ce a hankali. "Tashi."

Ta tashi. Malam Bello ya karkaɗe mata gefen benci da hularsa, ta zauna.

Mukhtar ya kama babur ɗin ya juya shi, salansa ta fuskanci waje inda iska ke tafiya. Ya tona akwatin ƙarafa har ƙasa kafin ya samo sifanar fulogi. Ya kwance fulogin, ya ɗaga shi a haske yana duba launin bakinsa, ya goge, ya mayar. Ya tayar da inji, ya tsaya ta gefen tanki ya karkata kunne. Ya taɓa kafireto, babur ya yi tari ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake taɓawa, ya sake mutuwa. Aikin da yake yi cikin minti biyu ya kai rabin awa.

"Mu dai hanci muka zo wa," in ji wani mai sabon babur. Ya miƙe ya tura abinsa, wani ya bi shi, sannan na uku. Mukhtar ya bi su da kallo har suka sha kwana, muƙamuƙinsa na motsi. Nusaiba ta ji zafin tafiyar tasu, ta san abin da ta sa shi ya saki ba ƙarami ba ne, ta kuma san bai yafe mata ba tukuna.

A karo na huɗu inji ya kama, ƙugin ya daidaita. Mu'azu ya murɗa, ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi. Ashe kunnen ma yana ji."

Mukhtar ya jawo babur na gaba. Bai kalle ta ba ya yi magana, ƙasa-ƙasa, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki tambayar min likitar nan taku. Mutumin da ya yi shekara tara yana wannan abin, me ake auna masa."

"Zan tambaya," ta ce.

"To je ki gida, ki canja kaya."

Ba ta tafi ba. Ta gyara zama a kan bencin, ƙirjinta na suya, idonta a kan gwiwarsa. Kafin a kira magariba, sau biyu gwiwar tana lanƙwasawa da kanta za ta kai shi ƙasa a bayan babur, sau biyu Nusaiba tana gyaran murya, shi kuma yana miƙewa yana tsaki.